Bi Ni Da Zugu: Wa Zai Noma, Wa Zai Sha Man?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku ma'aikatan da ba ku daɗe da barin makaranta ba, akwai wata tsohuwar magana wadda muka zaci an binne ta tun shekaru goma sha da suka wuce, sai ga shi tsadar mai ta tono ta, an karkaɗe mata ƙura, an sa mata sabuwar riga, ana yawo da ita daga wannan ɗakin taro zuwa wancan. Maganar ita ce wai arzikin Arewa yana cikin wani ɗan itace da kakanninmu suke yin shinge da shi, watau bi-ni-da-zugu, wanda masana ke kira jatrofa. Wai a share dubban hektoci a wuraren da hamada ke matsowa, irin su gabashin ƙasar Gobir, a dasa shi, a tatsi man 'ya'yansa, a sarrafa shi ya zama man gas, manyan motoci su sha, talaka ya yi kuɗi, hamada ta ja da baya. Babbar hujjar masu wannan kira kuwa guda ɗaya ce, suna maimaita ta kamar karatun allo: ai ba a cin sa, saboda haka ba zai ƙwace lomar kowa ba.

Mu ba mu yarda da wannan hujja ba. Amma don kada a ce jahilcin kimiyya ne ya sa muke musu, bari mu fara ba masu maganar haƙƙinsu.

Gaskiya ne injin dizal yana tashi da man tsirrai, kuma wannan ba sabon labari ba ne. A bikin baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1900 an nuna wani ƙaramin inji yana aiki da man gyaɗa zalla, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda a lokacin take riƙe da ƙasashen noman gyaɗa a nan Afirka. Tun ranar farko ke nan idon mai inji yana kan gonarmu. A 1937 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar hanyar sarrafa manja ya zama irin man da yau ake kira bayodizal, shekara ɗaya bayan haka aka gwada shi a motar safa a ƙasarsu. Aibin man tsirrai shi ne kauri. Ya fi man gas kauri kamar sau goma, don haka nozul ba ya iya fesa shi ya zama hazo, ba ya ƙonewa sarai, sai ya bar baƙin datti a bakin nozul da kan fistan, ya kuma zurara ya ɓata baƙin man inji. Maganin wannan kuwa ba sihiri ba ne. A ɗumama man zuwa digiri 55 ko 60, kowace lita a zuba mata kimanin kashi ɗaya cikin biyar na lita na wani sinadari mai suna metanol, wanda aka narka 'yan giram na sodar sabulu a cikinsa, a yi ta juyawa kamar awa ɗaya, sa'an nan a bar shi ya kwanta. Sai ya rabu gida biyu: wani ruwa mai danƙo da ake kira gilisarin ya kwanta a ƙasa, man da ake nema ya taso sama, a tsiyaye shi, a wanke, a busar. Duk matar da ta taɓa dafa sabulu ta san rabin wannan ilimi, domin kuwa idan ruwa ya shiga man, ko kuwa man ya yi tsami, to sabulun za a samu a tukunya maimakon abincin inji. Ƙarfinsa ya gaza na man gas da kamar kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, amma baƙin hayaƙinsa bai kai na man gas ba.

Gaskiya ne kuma man gas ya gallabi jama'a. Tun zamanin Obasanjo gwamnati ta janye hannunta daga farashinsa. A cikin 2022 lita ta tashi daga wajen naira 300 zuwa 800, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500, kafin matatar Ɗangote ta fara sayarwa ta sauko da shi zuwa naira 1,000 a watan Afrilu na wannan shekarar. Mai injin niƙa ya ji a jikinsa, ya kuma ɗora wa matar da ta aiko da kwanon dawa. Duk wannan mun amince da shi.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Inji ba ya tambayar daga ina man ya fito. Manomi ne ya kamata ya tambaya.

Itacen nan asalinsa daga Amurka ta Tsakiya yake, Turawan Fotugal suka yi yawo da shi a jiragen ruwa har ya iso Afirka. Yana da taurin rai ƙwarai: a yanki reshe a soka a ƙasa ya kama, rani ya yi tsanani ya zubar da ganye ya yi likimo har ruwa ya sauka. Daga nan ne masu talla suka samo tatsuniyar cewa yana yi a ƙasar da ba abin da ke yi. Amma rayuwa daban, haihuwa daban. Kafin ya yi 'ya'ya na kirki yana son ruwan sama na milimita 1,000 zuwa 1,500 a shekara, da ƙasa mai taki, da noma da sassabe kamar kowane amfanin gona. Ruwan da ke sauka a Sabon Birni da Isa kuwa yana tsakanin milimita 500 da 700 ne, cikin wata huɗu, sauran watannin sai iska da ƙura. An yi wa manoman duniya alkawarin tan biyar, wasu ma har tan goma, na 'ya'ya a hekta ɗaya. Da aka zo auna abin da ƙananan manoma suka girba a ƙasashen da suka fi mu ruwa, sau da yawa ko tan ɗaya bai cika ba.

Sai mu yi lissafi, tun da mu 'yan makaranta ne. Injin matsa mai na ƙauye yana bukatar kilo huɗu zuwa biyar na 'ya'yan kafin ya ba da lita ɗaya. Tirela mai kaya daga Sakkwato zuwa Ikko, tafiyar kimanin kilomita 1,000, za ta sha wajen lita 400. Watau kusan tan biyu na 'ya'ya ke nan. Ko da mun yi wa itacen kara mun ce zai ba da tan guda a hekta, tafiyar tirela ɗaya, zuwa kawai ban da dawowa, za ta lashe amfanin hekta biyu na shekara guda cur. Hekta biyu kuwa a ƙasar Gobir gonar magidanci ce da iyalinsa, wadda yake sa ran ta cika masa rumbu da gero da wake. Yanzu wa zai dube mu ya ce itacen ba ya taɓa abinci? Ba a cin 'ya'yansa, haka ne, amma shi yana cin gona, yana shan ruwa, yana kuma cin hannu, domin 'ya'yan ba sa nuna a lokaci ɗaya, da hannu ake bi ana tsinka ɗaya bayan ɗaya, kuma nunar tasu tana faɗowa ne a daidai lokacin da kowane hannu a gida yake wajen girbi. Ga kuma maganar farashi. In ana sayar da man gas naira 1,000, mai kamfani ba zai iya biyan kilo ɗaya na 'ya'yan ko naira 250 ba, alhali bai ma cire kuɗin matsa da na metanol da na dako da ribarsa ba. Kowa ya san daga wuyan wa za a cire su.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda ba mu taɓa jin an ambata a bakin masu talla ba. Abin nan da suke yabon itacen da shi, watau rashin ciwuwarsa, shi ne babban aibinsa a wurin manomi. Iyayenmu sun yi noman sayarwa tun kafin a haife mu. Bayan da jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗar wannan yanki can take bi ta tafi teku, kuma ba mu ce ba a cuce su a kan sikeli ba. Amma ranar da ɗan baranda ya karya farashi, mai gyaɗa yana da mafita: matarsa ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, yara su ci, harawa kuma a zuba wa tumaki. Da cutar gyaɗa da farin shekarun 1973 zuwa 1975 suka rushe dalar gyaɗa ta Kano, manomi ya juya gonarsa ga gero a damina mai zuwa, domin gyaɗa shukar shekara ɗaya ce. Mai gonar bi-ni-da-zugu fa? Ya jira shekara uku ko huɗu kafin ya ga 'ya'yan kirki, mai sayensu kuwa mutum ɗaya ne tak a duk faɗin ƙasar, watau mai kamfanin da ya ba shi iri. Ranar da wannan mutum ya ƙi zuwa, ko ya zo ya faɗi farashin da ya ga dama, abin da ke cikin buhun guba ne. Mutum ba ya ci, akuya ba ta ci, tunkuzarsa ma ba a ba dabba. Hausawan da suka raɗa masa suna ba su yi ƙarya ba: zugu shi ne farin saƙin da akan yi likkafani da shi, wasu ma ci-ni-da-zugu suke ce masa. Manomin da ba ya iya cin abin da ya noma, ba ya kuma iya kai shi kasuwar Shinkafi ya nemi wani mai saye, ya zama lebura a gonarsa ko da takardar gonar tana aljihunsa.

Ba hasashe muke yi ba, an riga an gwada, kuma an gani. A 2003 Indiya ta tsara dasa shi a hekta fiye da miliyan goma sha ɗaya, da nufin ya maye kashi 20 cikin ɗari na man gas ɗinta kafin 2012. Shirin ya watse. Kamfanin mai na BP ya haɗa jari da kamfanin D1 Oils a kan itacen a 2007, ya zare hannunsa a 2009. A gundumar Kisarawe ta Tanzaniya wani kamfanin Ingila mai suna Sun Biofuels ya karɓi hekta kimanin 8,000 daga ƙauyuka goma sha ɗaya a kan hayar shekara 99, aka share dajin da mutane ke samun itace da ruwa da zuma, sai ga kamfanin ya karye a 2011, aka sallami leburori, ƙasar kuwa ta riga ta fita daga hannun ƙauyukan. A arewacin Gana, kusa da Tamale, an ruwaito yadda wani kamfanin Norwe ya samu dangwalen yatsan wani basarake a kan hekta 38,000, har aka fara kayar da itatuwan kaɗanya, waɗanda matan wurin ke rayuwa da mansu, kafin jama'a su farga su taka masa birki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A Barazil ma, inda gwamnati ta ƙaddamar da shirinta a 2004 da niyyar talakawan arewa maso gabas su noma zurma, abin bai tafi yadda aka so ba: man zurma ya cika kauri, kuma masana'antu suna sayensa da tsadar da ta fi ta man gas, ƙarshenta waken soya na manyan gonaki ne ya cika tankunan.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba wajen buga takarda. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufarta a kan man tsirrai, ta ɗora wa NNPC jagoranci, ta yi alkawarin yafe haraji ga masu zuba jari, ta ce za a riƙa gauraya kashi 20 cikin ɗari a man gas. Wanda ya taɓa sayen lita ɗaya ta wannan gauraye a wani gidan mai tsakanin Sakkwato da Isa, muna roƙonsa ya rubuto wa mujallar nan.

Yanzu mu zo kan ƙasar da ake cewa ba a amfani da ita. Wannan kalma ita ce ta fi ƙona mana rai, domin duk wanda ya furta ta a kan gabashin Gobir, ko dai bai san wurin ba, ko kuwa ya sani yana yi mana wasa da hankali. Nan ne kwarin Gulbin Rima, inda Bunsuru da Gagare suke haɗuwa a ƙasar Isa, Gulbin Maraɗi kuma ya shigo ta wajen Sabon Birni. Nan ne kufan Alƙalawa, fadar Gobir har zuwa 1808. Ƙasa ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana noma tudunta da damina, ana noma fadamarta da rani. In yau mutum ya duba hoton da aka ɗauko daga sama ya ga gonaki sun koma saura, to ya tambayi abin da ya kori masu su. A 2020 an kai wa Gangara hari an kashe mutane. Ranar 27 ga Mayu na wannan shekarar 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da maƙwabtansu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a watan Afrilu na 2020 kaɗai mutum 23,000 suka tsallaka Nijar daga wannan sashe na Nijeriya. A Nuwamba 2021 jaridu suka ruwaito cewa 'yan bindiga sun tuɓe masu gari a Gangara da Makwaruwa sun naɗa nasu. Wata ɗaya bayan haka aka ƙone matafiya fiye da ashirin cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Manomin da sai ya biya harajin ɗan bindiga kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi, shi ne ake kallon gonarsa ana cewa ba ta da mai ita. Mai ita yana nan, yana kwana a makarantar firamare a cikin gari ko a bukka a ƙasar Gidan Rumji, yana jiran ranar komawa. Duk wanda ya ba da wannan gona haya a bayan idonsa, to ya ƙarasa aikin da ɗan bindiga ya fara ne, sai dai shi da biro ya yi nasa.

Abin da ya rage bayan gonaki kuwa shi ne burtali da makiyaya da mashaya. Babu mai hankalin da zai musanta cewa cinye waɗannan wurare, da raba dazuzzuka ga masu hannu da shuni, yana cikin itacen da aka hura wannan wuta da shi. A ce kuma maganin shi ne a kewaye ragowar da dubban hektocin itacen da saniya ba ta iya ci? An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Kada kuma wani ya ce doka za ta tsare talaka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, yana iya soke haƙƙin mai gona da sunan amfanin jama'a, diyyar da ake biya kuwa ta amfanin da ke kan gonar ce da gini, ban da ita kanta ƙasar. Mutanen tsohuwar Jihar Sakkwato sun san ma'anar wannan. A Bakolori, bayan an gama madatsar ruwa a 1978, manoman da aka raba da gonakinsu suka tare hanya suna neman diyya, a watan Afrilu na 1980 aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Shi ma wancan aiki da sunan ci gaban manomi aka zo da shi.

To, shin cewa muke yi a watsar da maganar man tsirrai baki ɗaya? A'a. Cewa muke yi a mayar da ita daidai girmanta, a kuma bar ta a hannun masu ita.

A ƙauye irin Gangara mene ne ma yake shan man gas? Ba babur ba, ba kuma ƙananan injinan ban ruwa na fadama ba, domin galibinsu fetur suke sha, kuma masu aiki da hasken rana sun fara karɓe wannan fage, abin da muke maraba da shi. Masu shan man gas su ne injin niƙa, da injin casar shinkafa, da janareton rijiyar burtsatse ko na asibiti, sai tarakta in an samu. Mu ɗauki injin niƙa, tun da shi ne ya shafi kowane gida, kuma in ya tsaya mata ne ke komawa ga turmi da dutsen niƙa. Tsohon injin nan mai silinda ɗaya, mai tafiya a hankali, irin wanda ake kira Lista, yana shan kamar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. In ya yi awa huɗu kullum, lita biyar ke nan, a shekara wajen lita 1,800, watau kimanin tan takwas na 'ya'ya. A ƙasar Mali, inda hukumar raya ƙasa ta Jamus ta yi aiki da ƙauyuka a kan wannan itace tsakanin 1987 da 1997, an auna cewa mita ɗaya ta shinge tana ba da kusan kilo ɗaya a shekara. Gona mai hekta ɗaya kewayenta mita 400 ne. Ashe shingen gonaki ashirin ko ashirin da biyar ya isa ya riƙe injin niƙa ɗaya. Mu da ba mu kai kudancin Mali ruwa ba, mu ninka, mu ce arba'in ko hamsin. Wannan lissafi ne da gari ɗaya zai iya ɗauka ba tare da an hana kowa kunya ɗaya ta gero ba, shingen kuma yana aikinsa na asali: yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana nuna iyaka, yana hana dabba shiga gona, wanda shi kansa rage husuma ne tsakanin manomi da makiyayi. Irin wannan inji kuma, in an tace man da kyau, aka tayar da shi da man gas aka kuma kashe shi da man gas, yana iya shan ɗanyen man ba sai an nemi metanol ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin metanol daga waje ake sayo shi, duk da iskar gas ɗin da ake yin sa da ita muna ƙone ta a banza a Neja Delta. Ga shi kuma guba ne mai makantarwa, ba abin ajiyewa a ɗakin da yara ke shiga ba. Su ma 'ya'yan itacen sai an tsare yara daga gare su, don suna da ɗan garɗi a baki.

Ko a nan ma kada mu ruɗi kanmu. A garin Garalo na kudancin Mali an kafa janareto a 2007 don su ba gari wuta da man bi-ni-da-zugu, a wurin da ruwan sama ya haura milimita 1,000, amma 'ya'yan da manoma suka kawo ba su wadatar ba, aka riƙa cikawa da man gas. Injin niƙa ɗaya shinge zai iya riƙewa. Wutar gari guda ta fi ƙarfinsa.

Akwai ma itacen da ba sai an dasa ba, domin yana nan tsaye a kowace kasuwa da kowane bakin hanya daga Sakkwato har Maraɗi, watau dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya. An shigo da shi Nijeriya ta Barno a 1928, ya kuma nuna cewa ya fi bi-ni-da-zugu jure ƙarancin ruwanmu; a kwarin Majiya ta ƙasar Tawa, tun daga 1975, da shi aka yi layukan tare iska masu tsawon ɗaruruwan kilomita. 'Ya'yansa suna zuba a ƙasa ana share su da tsintsiya ana ƙonawa, alhali ƙwayar cikinsu kusan rabinta mai ce. Sai dai mansa yakan zo da tsami mai yawa, sai an fara gyara shi kafin a sarrafa, kuma a gaskiya ya fi daraja a wajen inji: ana sabulu da shi, ɗan kaɗan daga cikinsa yana tsare buhun wake daga ƙwari, tunkuzarsa taki ce, Indiya ma tun 2015 ta wajabta shafa shi a jikin takin yuriya. Saboda haka a fara sayar da mai kyaun, abin da ya rage a ba inji. Aduwa kuwa a ƙyale ta, abinci ce.

Ga wani dalili kuma da mutanen kan iyaka za su fi kowa ganewa. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Satumba 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Ko matakan sun yi amfani ko ba su yi ba, talakan ƙauye ne ya fara ɗanɗana su. Garin da yake matse man injin niƙansa daga shingensa ba ya jiran tanka, ba ya bin hanyar da ake tarewa da jarka a bayan babur. Man kuma ba shi da amfani ga ɗan bindiga, tun da baburansa fetur suke sha.

Saura mu da muke cikin jami'o'i. Kowace shekara ana rubuta kundaye a sassan kimiyyar sinadarai da injiniyanci a kan man dogon yaro da na zurma da na bi-ni-da-zugu. A sarrafa abin da bai cika kofin shayi ba a cikin kwalba, a auna kaurinsa da zafin da yake kamawa da wuta, a rubuta cewa ya dace da ma'aunin Amurka, a ba da digiri, a ɗora kundin a kan kanta. An tabbatar da wannan sau ɗari, ya isa haka nan. Abin da ba a amsa wa mai injin niƙa ba shi ne: awa nawa injina zai yi kafin nozul ya toshe, sau nawa zan canza baƙin mai, kuma nawa lita za ta tsaya mini in an haɗa da ladan matan da suka tsinto 'ya'yan suka ɓare? Muna da Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982, muna da cibiyar binciken fasahar sinadarai a Zariya. Muna kira gare su, da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Sabon Birni da Isa, a ɗauki inji ɗaya da injin matsa ɗaya a garin da ake iya kwana lafiya, a ba ƙungiyar matan garin su riƙe, a yi shekara guda ana rubuta kowace lita da kowace naira, sa'an nan a buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuke ma'aikatun gona da na ƙasa da safiyo da sakatariyar ƙananan hukumomi, wata rana fayil zai sauka a teburinku, mai ɗauke da taswira da hoton koren itace da alkawarin ɗaukar matasa dubu aiki. Ku tambayi mai shi a wace gona ce, mai ruwa irin namu, ya taɓa auna tan ɗin da ya rubuta. Ku nemi sunayen masu gonakin da ke cikin taswirar, ku tambaya ina suke kwana yau, kuma wa ya je ya same su. Ku ɗora taswirarsa a kan tsohuwar taswirar burtali ku ga inda suka haɗu. Sa'an nan ku nemi a nuna muku layin da aka rubuta cewa ranar da kamfanin ya karye, ko ya shekara biyu bai sayi 'ya'ya ba, gona za ta koma hannun mai ita ba tare da shari'a ba. In babu wannan layi, kada fayil ɗin ya bar teburinku da sa hannunku a kai.